Ƙwarya Ɗaya a Gidaje Huɗu

Abibatu Mai Awo shekarunta arba'in da tara. Mijinta ya rasu shekara bakwai ke nan, tana zaune a Zogbeli, tsohuwar unguwar da ke kusa da tsakiyar Tamale, ita da matar ɗanta da jikoki uku. Ɗan yana kudu wajen haƙar zinariya, saƙonsa kan zo wani lokaci, wani lokaci kuma shiru.

A Salaga aka haife ta, a shekarar da yaƙi ya watsa garin. Ubanta Bakatsine ne mai fataucin goro, uwarta 'yar Dagomba. Daga Salaga suka koma Yeji, daga can suka gangaro Tamale lokacin da Turawa suka mai da shi mazauninsu, tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta tashi da harshe biyu a baki, Hausar ubanta da Dagbancin uwarta, kuma ba a taɓa jin ta yi tuntuɓe da ɗaya ba.

Sana'arta awo a kasuwa. Manoma su ɗauko dawa da gero daga ƙauyuka irin su Kasalgu da Jisonayili, masu saye su taru, ita ta zauna a tsakani da kwanon awo. Hatsin ba nata ba ne. Ladanta ɗan abin da tafin hannu ya ɗiba daga kowane kaya. Wasu masu awon kwano biyu gare su, na saye da na sayarwa, wasu kuma su bubbuga gindin kwanon ya shige ciki. Nata ɗaya ne, gindinsa sumul, shekara ashirin da biyar ba a kama shi da ƙarya ba. Bahaguwa ce, da hagu take awo, da hagu kuma take ɗinkin ƙwarya idan kasuwa ta yi sanyi. Ɗinkinta karkata yake yi zuwa ɓangaren da na sauran mata ba ya bi, don haka ko daga nesa ana gane aikinta.

Aminiyarta ita ce Memunatu, matar Abukari mai jakuna. A layin rijiya suka haɗu suna amare, shekara talatin da suka wuce, a garin da samun ruwa ke cinye wa mace rabin yini. Tare suka yi wankan jego, tare suka binne 'ya'ya biyu-biyu. Memunatu na kiranta Bahaguwa, ita kuma tana kiranta Memuna. Abukari ya taɓa mallakar jaki goma sha ɗaya, yana ɗauko gishiri daga Daboya. Da motoci suka fara kawo gishirin teku daga kudu, jakunan suka yi ta raguwa, har ya zuwa bara saura ɗaya.

Bara ne gwamnati ta turo wani likita Bature ya gano abin da mutanen arewa ke ci, da yawansa. Dogon mutum ne mai Hausar bariki. Da farko tambaya ya riƙa yi. Ya zauna a ƙofar gida da akawunsa Osman, wani magidanci mai gilashi wanda ya yi makarantar boko a nan Tamale, su tambayi maigida abin da aka ci jiya. Gida talatin suka zaga, amsa ɗaya suka samu: tuwo, alhamdulillahi. Nawa? Daidai gwargwado. An ƙoshi? Sai godiya. Likita ya ga idan haka ne, takardarsa layi ɗaya za ta ƙunsa.

Sai ya fito da sikeli mai faranti biyu, da duwatsunsa na ƙarfe, manya na laba, ƙanana na oza, oza goma sha shida ke yin laba ɗaya. Amma abinci a cikin gida ake dafa shi, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure. Aka tambayi magajiyar kasuwa wace mace za ta iya, ba ta yi dogon tunani ba ta ce Abibatu. A kwana biyu ta san duwatsun. A na uku takan ɗaga ƙwarya da hannu ta faɗi nauyin kafin a ɗora, Osman ya duba sikeli ya gyara gilashinsa.

Ga yadda aka tsara aikin. Gida huɗu a lokaci guda, kwana bakwai a jere, sa'an nan a dawo musu sau huɗu a shekara, don abincin kaka ba shi ne na damina ba. Abibatu za ta shiga da safe, ta sake shiga da la'asar, ta auna hatsi kafin a kai shi turmi, ta auna kayan miya, man kaɗanya, daddawa, har gishiri. Ta tambayi mutum nawa za su ci, babba nawa, yaro nawa. Sai ta matso bakin zana ta ɗaga murya ta faɗa, Osman yana zaure yana rubutawa a ƙarƙashin sunan maigida. A lissafin likita yaro rabin mutum ne, mace kuma ba ta cika namiji ba. Abibatu ta taɓa tambayarsa ko ya taɓa ganin mai shayarwa a gaban akushi. Ya yi dariya, ya ce akwai wani lissafin dabam na masu shayarwa.

Aka fara da gidaje huɗu da ke jere a Zogbeli, bayansu duk danga ɗaya ce. Na farko gidan wata Humu, na ƙarshe gidan Memunatu. Lokacin kuwa tsakiyar damina ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A kasuwa Abibatu takan wuni ba ta auna kaya uku ba.

Ranar farko ta yi mamaki. Gidan Humu, dawa laba tara, da busasshen kifi babba. Gida na biyu laba tara. Na uku haka. Gidan Memunatu ma laba tara, ga kifi, mutum bakwai. Ta tsaya a bakin zana ta faɗa, mazan da ke zaune a zauren Abukari suka gyaɗa kai, wani ya ce ma sha Allah.

Rana ta biyu ta lura da ƙwaryar. Babbar ƙwarya ce mai tsaga daga baki zuwa kusan gindi, an ɗinke ta, ɗinkin ya karkata hagu. Tata ce ta dā, ita ta ɗinke ta, ita ta ba Memunatu ranar auren 'yarta. Da ta gan ta a gidan Humu ta ce a ranta aron ƙwarya ba wani abu ba ne. Da ta shiga gida na biyu ta tarar da ita a can, cike da dawa, tana jiranta. Ga kuma kifin, mai karyayyar wutsiya, kwance a kan faifai. A gida na uku matar gidan tana haki kamar wadda ta yi gudu, karan danga a maƙale a ɗankwalinta.

Ba ta bukaci a yi mata bayani ba. Matan huɗu sun haɗa abin da kowacce za ta dafa a yini suka zuba a ƙwarya ɗaya. Kafin Abibatu ta fita ta zaure, ta gaisa da maza, ta zagayo ta shiga gida na gaba, ƙwaryar ta riga ta isa can ta wata kafa a dangar baya. Idan ta gama ta tafi, kowacce ta ɗebi nata. Laba taran nan na gida huɗu ne, ba na gida ɗaya ba.

Ta kuma san dalili. A nan fitar da hatsin tuwo aikin maigida ne, miya ta mace ce. Lambar da take faɗa a bakin zana fuskar maigida ce take ɗagawa a gaban liman da maƙwabta da duk wanda ruwa ya koro zaure. Babu matar da za ta bari a yi shelar cewa mijinta ya kasa. Abibatu ta auna ƙwaryar, ta auna kifin, ta faɗi abin da sikeli ya nuna. Ta gaya wa kanta cewa sikeli bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. Kifin dai kullum yana raguwa da kusan oza guda saboda yawo da ɓarewa.

Rana ta biyar likita ya kira su ofishinsa. Ya shimfiɗa takardun Osman a tebur.

"Abibatu, mutanen Zogbeli sun fi soja cin abinci," in ji shi. "Kifi kullum, dawa laba tara. To, don me yaran unguwar suke zuwa mini da miki a gefen baki, hannayensu kamar kara?"

Ta ce, "Allah ne masani, Likita."

"Ni ma ina so in sani kaɗan." Ya ce niyyarsa, idan takarda ta nuna ana shan wuya a wannan lokaci, ya roƙi manyansa a riƙa tara hatsi da kaka a wani rumbu, a fito da shi da sauƙi idan damina ta yi tsakiya. Bai yi alkawari ba, ya ce roƙo kawai zai yi. "Amma da wannan takarda, za su ce in je in duba inda ake yunwa."

Ta koma gida da maganar a ƙirjinta. Idan ta yi shiru, takarda za ta tafi da ƙarya, da muryarta a ciki. Idan ta faɗa, asirin gidan Memunatu ne a hannunta, kuma ita aka amince wa ta shiga har bakin murhu.

Rana ta shida da la'asar ta shiga gidan Memunatu ta tarar da baƙi, mace ɗaya da 'ya'ya uku, da ƙullin kayansu a jingine. Mahamudu, ƙanen Abukari da ke noma a Kasalgu, ya shigo gari shekaranjiya, ya zauna a zaure, ya ji da kunnensa an ce laba tara. Ya koma ya ce wa matarsa ta kwashi yara ta je gidan yaya su ɗan kwana biyu, tunda can Allah ya buɗa. Wanda aka yi shelar wadatarsa ba shi da bakin cewa babu. Abukari ya ce musu maraba.

Abibatu ta ja Memunatu bayan rumbu, inda ba kowa.

"Memuna, kifin nan naku ya gaji da yawo. Ni da ke auna shi har na fara jin tausayinsa."

"Wane kifi?"

"Mai karyayyar wutsiya. Ɗazu muka gaisa da shi a gidan Humu. Ya ce in gaishe ki, yana nan tafe."

Memunatu ba ta yi dariya ba. Ta duba wajen baƙin, ta sassauta murya. "Tun yaushe kika sani?"

"Ƙwaryar da na ɗinka da hannuna kuka sa a gaba. Da kun ara ta wani gida."

"Ita ce babba." Memunatu ta sake duban wajen baƙin. "To kin gani. Ki yi kamar ba ki gani ba. Saura kwana ɗaya a gama."

"Mutanen Kasalgu fa? Takardar Osman za ki dafa musu?"

"Wa ya kira su? Ni na tsaya a bakin zana ina shela kamar sanƙira? Muryarki ce ta kai Kasalgu, Bahaguwa."

Maganar ta shiga Abibatu, don gaskiya ce.

Memunatu ta ci gaba. "Me kike so? Ki tsaya can ki ce laba biyu, mutum bakwai, Abukari yana zaune tsakanin liman da maƙera? Mutumin da ya taɓa ciyar da ayari? Gara ki kwance mana zani a kasuwa, a yi ta ƙare."

"Shi ya sani?"

"Shi ya auno mini da safe. Yana jin kina cewa tara, yana sunkuyar da kai, suna ce masa ma sha Allah. Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi." Ta kama hannun Abibatu. "Shekara talatin ban roƙe ki komai ba sai aron taɓarya. Yau na roƙe ki."

Abibatu ta fita ta tsaya a bakin zana. Ta ce laba tara, mutum goma sha ɗaya. Osman ya rubuta.

Washegari da safe ba ta nufi gidan Humu ba. Ta ɗauki sikeli a ka ta tafi ofishin likita, ta sauke shi a gabansa. Osman yana gefe.

"Likita, aikin kwana shidan nan ka yaga shi. Ba gaskiya ba ne."

Ya ajiye alƙalami. "Sikelin ya lalace?"

"Sikeli lafiyarsa lau. Hatsi ɗaya nake aunawa sau huɗu."

"Wane gida ya yi wannan?"

"Ba gida ba ne, ƙwarya ce."

"Ƙwaryar wa?"

"Tawa ce. Ni na ɗinke ta."

Fuskar likita ta yi ja, ya faɗi wasu maganganu da Turanci waɗanda Osman bai fassara ba. Sa'an nan ya ce shi ba haraji ya zo sawa ba, ba kuma hukunci ba, don me za a ɓoye masa?

Ta ce, "Ba kai ake ɓoye wa ba. Kai gobe ka tafi. Wanda ke zaune a zaure shi ake ɓoye wa, shi ne za a haɗu da shi a masallaci har mutuwa. A ƙasarku, in mutum ya kasa ciyar da gidansa, a bakin hanya ake faɗa?"

Likita ya tambaye ta abin da take so a yi.

Ta riga ta yi tunaninsa a hanya. Na ɗaya, ba za ta ƙara ɗaga murya a gidan kowa ba. Na biyu, Osman ya daina zama a zaure, ya jira ta a ofis. Na uku, kada a rubuta sunan maigida, a sa wa kowane gida lamba, ita kaɗai ta san gidan da lambar take nufi. Likita ya ce ai ba ta iya rubutu ba. Ta kwance bakin zanenta ta zube masa kalwa, 'ya'yan ɗorawa, da ƙananan tsakuwoyi. Kalwa ɗaya laba ɗaya, tsakuwa ɗaya oza ɗaya. Kowane gida da ƙyallensa, kowane irin abinci da ƙullinsa a jikin ƙyallen, a jere yadda ba za su rikice ba. Haka take riƙe awon manoma goma a ranar kasuwa.

Osman, da ke kiranta Mma kamar uwarsa, ya ce, "Mma, ke nan ni ba a yarda da ni ba?"

"An yarda da rubutunka, Malam Osman. Surukinka ne ke zama kusa da kai a zaure."

Likita ya ce a gwada mako guda. Ya cire takardun kwana shida ya ajiye su gefe.

Kafin azahar labari ya riga ta zuwa Zogbeli, cewa Bature ya watsar da takardu, wai an gano ƙarya. Ba a san bakin da ya kawo shi ba. Da ta je gidan Humu aka ce mata Humu ta tafi unguwa, alhali ga takalmanta a ƙofar ɗaki. Gida na biyu da na uku aka amsa sallamarta daga ciki, ba a ce ta shigo ba. A gidan Memunatu, Abukari ne ya tare ta a zaure, ya gaishe ta da kyau, ya ce mai ɗakin ba ta jin daɗi yau.

Kwana biyu haka. A rana ta uku da la'asar ta ƙulle abin da za a dafa a gidanta a ƙyalle, ta ɗauki sikeli, ta zagaya ta bayan gidajen. Ta sami kafar dangar da ƙwarya ke bi, ta durƙusa ta cusa kanta, kara yana yagar mata kafaɗa. Ta ɓullo daidai bayan rumbun Abukari. Memunatu na zaune ita kaɗai tana tsinkar ganyen rama, baƙuwar ta tafi rijiya da yara.

"Ta nan kuma?" in ji Memunatu, ba ta ɗago ba. "Ɓarayi ke bin nan."

"Da kifi."

"Kin gama da mu a wajen Bature, me ya rage?"

"Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce masa ƙwaryata ce."

"Gida huɗu ne, ba ɗari huɗu ba. Ko jakin Abukari zai gane."

Abibatu ba ta yi musu ba. Ta kafa sikeli a ƙasa, ta kwance ƙullinta ta juye a faranti. Ta ɗora dutsen laba ɗaya, ta ƙara na rabi, farantan suka daidaita.

"Wannan na gidana ne. Mu biyar. Jiya haka, shekaranjiya haka. Sau ɗaya muke ɗora tukunya tun watan jiya."

Memunatu ta daina tsinkar ganye. Ta dubi dawar, ta dubi Abibatu. "Ke? Da hannunki yake cikin hatsi tun safe?"

"Hannuna ne a ciki, ba bakina ba."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ke kin faɗa mini?"

Ta ɗauki kalwa ɗaya da tsakuwa takwas ta ƙulle a ƙyalle. Ta ce wannan shi ne gida na ɗaya a sabuwar takarda, ba suna, ba shela, daga hannunta sai tebur. Ta ce idan Memunatu ba ta so, za ta koma ta inda ta fito, ba za ta sake zuwa da sikeli ba, kuma ba za ta riƙe ta a rai ba.

Memunatu ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramin ƙoƙo rufe da faifai, ta ajiye kusa da sikeli, ta juya baya tana kallon danga. Abibatu ta auna. Laba biyu da oza shida, mutum goma sha ɗaya. Ta ƙulla kalwa biyu da tsakuwa shida, ba ta furta lambar ba. Ta auna ramar, da guntun daddawa, da ɗan man da bai rufe gindin kasko ba. Ta tambaya a hankali ko akwai abin da ake ci wanda ba ya shiga tukunya. Memunatu, har yanzu da bayanta a juye, ta ce yara na tsinto 'ya'yan kaɗanya da safe, akwai kuma garin ɗorawa da ake dama musu da rana. Likita bai taɓa tambayar waɗannan ba. Abibatu ta ƙara musu ƙulli.

Sauran gidajen uku suka buɗe a makon, bayan Memunatu ta yi musu magana. Kifin, aka ce, a gidan Humu aka cinye shi, don nata ne tun asali.

Aikin ya ɗauki shekara. Gida ashirin da huɗu Abibatu ta shiga, a Zogbeli da wasu unguwanni, sau huɗu kowanne. Kullum da yamma takan zube ƙyallayenta a tebur, Osman ya kwance ya ƙirga ya rubuta a ƙarƙashin lamba. Ya sha gwada ta da wasa, ya ce, "Mma, gida na tara nan ba na mai gyaran keke ba ne?" Ita kuma ta ce masa ya kula da tsakuwarsa kada ta faɗi. Takarda ta nuna abin da kowace mace a unguwar ta sani tun tana yarinya: da kaka ana ƙoshi, da tsakiyar damina wasu gidaje ba sa samun rabin abin da likita ya ce jiki na bukata. Ya rubuta roƙonsa ya aika kudu. Yaƙin Turawa ya yi zafi, aka ɗauke shi zuwa wani wuri, ya tafi da sikelinsa. Rumbun da ya ambata, har yau ba a ga an kafa shi ba. Abibatu ta koma kan tabarmarta a kasuwa.

Baƙin Kasalgu mako uku suka yi. A mako na biyu Abukari ya ja jakinsa na ƙarshe ya kai kasuwa, ya dawo da hatsi. Bai gaya wa ƙanensa dalili ba, bai kuma taɓa yi wa Abibatu maganar sikeli ba. In sun haɗu yakan tambayi jikoki da sunayensu.

Memunatu kuwa ba ta yanke gaisuwa ba. Takan gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, da tambayar gida da gajiya da kasuwa, irin wadda ake yi wa surukar da ake jin nauyi. Ta daina kiranta Bahaguwa, ta koma cewa Yaya Abibatu. Ta daina leƙowa aron taɓarya. Abibatu ta lura, ba ta tambaya ba. Ta gaya wa matar ɗanta cewa wanda ka ga tsiraicinsa, ko da yardarsa ne, sai ya ɗauki lokaci kafin ya iya haɗa ido da kai. Haka aka yi kaka, aka yi rani, ruwa ya sake sauka, hatsi ya sake yin wuya.

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, Abibatu na tsakar gida tana murza zare sai ga Memunatu ta shigo da babbar ƙwaryar nan a hannu. A Zogbeli ba a shiga gidan mutum da ƙwarya wofi. Ko gyara aka kawo, sai an jefa 'yar gyaɗa ko barkono a ciki, an rufe da faifai. Wannan babu faifai, babu komai, kuma ta bi da ita ta babbar hanya. Ta ajiye a gaban Abibatu.

"Bahaguwa, ɗinkinki ya saki. An ce aikinki ba ya saki."

"Ɗinkin zaman gida na yi mata, ba na tsallake danga ba."

Memunatu ta zauna a kan turmi. "Ban sa komai a ciki ba. Babu."

"Na gani."

Suka yi hira har azahar, a kan tsadar gishiri da ciwon gwiwar Humu. Da Memunatu ta tafi, Abibatu ta jiƙa zare, ta ɗauki basilla, ta warware tsohon ɗinkin gaba ɗaya ta sake sabo daga baki har gindi. Ranar Juma'a da safe ta buɗe tukunyar da take tara ladan awonta, ta sa hannu biyu ta ɗebo dawa ta zuba a ƙwaryar, ba ta duba yawanta ba. Ta rufe da faifai, ta ɗora a ka, ta kai gidan Abukari da kanta.